Kifin Salmon da Salak: Me Ya Kamata A Sha Da Shi?

A wannan makon filinmu na girke-girke zai kai mu ƙasashen sanyi, mu yi nazari a kan wani kifi da ake kira salmon, da yadda ake cin sa da ganye a matsayin abincin dare.

Salmon ba ya rayuwa a kogunanmu, domin ruwan sanyi yake so. Ana samun sa a Norwe da Sikotilan da Alaska, kuma Norwe ce ta fi kowace ƙasa kiwonsa a manyan kejina cikin teku. Rayuwarsa akwai ban mamaki. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, idan lokacin saka ƙwai ya yi sai ya koma kogin da ya fito, yana tsalle yana haura ruwa. Namansa kuma ja-ja ne saboda ƙananan jatanlande da yake ci.

Abin da ya sa likitoci ke yabonsa shi ne mansa. Yana ɗauke da wani mai da ake kira omega-3 wanda ke taimaka wa zuciya, ga bitamin D mai ƙarfafa ƙashi. A kowane giram 100 na namansa akwai kusan giram 20 na furotin, wato sinadarin gina jiki. A Birtaniya ana ba mutane shawarar su ci kifi sau biyu a mako, ɗaya daga ciki ya zama mai maiƙo irin wannan.

Girkin ba wuya. A shafa wa yankan kifin gishiri da masoro da tafarnuwa, a ɗora kasko da man zaitun cokali ɗaya, a fara sa ɓangaren fata. Minti huɗu ko biyar a juya shi. Idan naman ya fara rabuwa da cokali ya nuna, a sauke, domin in ya wuce haka bushewa yake yi. Sai a wanke latas da tumatir da gurji da albasa da ruwa mai tsabta sosai, tunda ɗanye za a ci su. A yayyanka, a matse lemon tsami a kai, a ɗiga mai kaɗan. A nan ne da yawa daga cikinmu ke ɓata lamarin, mu zuba bama har ganyen ya ɓace. Wannan ya tashi daga abincin lafiya.

To, me ake sha? Turawa da yawa suna haɗa shi da farar giyar inabi. Giya ba tamu ba ce, Musulunci ya haramta ta, kuma ko a Birtaniya doka ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Amma dalilin haɗin nasu darasi ne a gare mu. Kifi mai maiƙo yana gundurar baki, tsami kuma yana wanke maiƙon ya rage ƙarni. Ashe tsamin ake nema, shi kuwa muna da shi a zoɓo da tsamiya da lemon tsami. A ganinmu zoɓo mai citta ya fi dacewa, amma a rage sukari, in ba haka ba an koma gidan jiya. Shayi kuwa a bari sai an jima da gama ci, saboda yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye, alhali bitamin C na lemon tsami taimakawa yake yi.

Mun san wani zai ce ina za mu ga salmon, kuma da wane kuɗi? Kifin titus da ake sayarwa wajen masu kifin ƙanƙara shi ma daga tekun Atlantika ake kawo shi, kuma yana da omega-3 mai yawa. Haka ma sadin na gwangwani, sai dai a tsiyaye mansa kafin a zuba a ganye. In titus za a yi amfani da shi, a gasa a kan garwashi maimakon a nitsa shi cikin mai, sannan a cire ƙayoyin tas kafin a ba ƙanne.