Hanyar Jirgin Ƙasa Daga Baro Zuwa Kano

Masu karatu, a cikin darasin wannan wata za mu duba labarin hanyar dogo ta fari da ta ratsa ƙasar Arewa. Waɗanda suka shirya ta sun yi ta domin abu ɗaya, amma manoman ƙasa suka juya ta zuwa wani abu dabam. Bari mu ga yadda wannan ya faru.

Dalilin yin hanyar

Kafin zuwan jirgi, yawancin kaya a kan mutum su ke tafiya, ko a bayan jaki da takarkari da raƙumi. Fatake su kan yi watanni a hanyar Gwanja garin sayen goro. Saboda wannan, sai kaya mai tsada kaɗai ya ke biyan wahalar tafiya mai nisa, kamar su goro da kanwa da fata da tufafi. Amfanin gona mai nauyi kuwa a kasuwannin kusa a ke sayar da shi.

Masu masaƙa a Ingila suna bukatar auduga da yawa, sun kuwa ji labari ƙasar Hausa tana noma ta. A shekara ta 1907 aka aiko Sir Percy Girouard ya gaji Lugard a mulkin Arewa. Shi mutumin Kanada ne, gwanin aikin dogo, gama ya riga ya shimfiɗa hanya cikin hamadar Sudan. Aka zaɓi Baro, wani ƙaramin gari a bakin kogin Kwara cikin ƙasar Nufe, ya zama mafari, domin jiragen ruwa suna iya kawo ƙarafa can daga teku sa'ad da ruwa ya cika.

Waɗanda suka yi aikin

An soma shimfiɗa ƙarfe a 1908. Hanya ta bi ta Badeggi, da Minna, da Kaduna, da Zariya, har ƙarfe ya isa Kano a watan Maris na 1911. Tsawonta mil 356 ne, fāɗin tsakanin ƙarafa biyu kuwa ƙafa 3 da inci 6. A 1912 aka buɗe ta domin kowa, aka kuma gama ta da hanyar da ta taso daga Ikko a Minna.

Kada mu yi tsammani injuna ne suka yi wannan aiki. Da fartanya da diga da kwando aka yi shi. Gwamnati ta kan faɗa wa sarki yawan mutanen da ta ke so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai kuma su raba wa dagatai. Haka Nufawa da Gwari da Hausawa dubbai suka bar gidajensu, ko suna so ko ba su so. An biya su lada, amma aikin tilas ne. Wanda aka ɗauka da damina gonarsa ta kan lalace, har waɗansu suka riƙa gudu daji kadan sun ji ɗan saƙon hakimi yana zuwa. Ladan kuwa da tsabar kuɗin Turawa aka biya, da shi kuma a ke karɓar haraji. Ta haka sule da kwabo suka shiga ƙauyuka, kuɗin wuri ya soma ja da baya.

Auduga ko gyaɗa?

Sa'ad da jirgi ya iso, Turawa suka zuba ido ga auduga, har aka kafa injin gurza a Zariya. Amma manomin Kano ya yi nasa lissafi. Masaƙan gida suna sayen audugarsa da kuɗi fiye da na kamfani. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, harawarta abincin dabbobi ce, mata suna yin mai da ƙuli-ƙuli da ita. Abu mafi girma, kadan shekara ta ɓaci, iyali suna iya cin gyaɗa, amma ba mai cin auduga.

Fataken goro ma suka gane kasuwa ta sāke. Suka ba manoma kuɗi da gishiri da tufafi tun kafin kaka, da sharaɗin za a biya su da gyaɗa. A 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai ton 3,000 ba, amma a 1913 ta wuce ton 19,000. Buhuna suka taru a Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Daga cikin fataken nan ne Alhassan Dantata ya fito, wanda daga baya ya zama babban mai sayen gyaɗa.

Amma ruwa ya kasa a daminar 1913, yunwa mai tsanani ta biyo a 1914, mutane da yawa suka mutu. Kuɗin gyaɗa bai ceci wanda rumbunsa ba hatsi ba, gama hatsi ya yi tsada ƙwarai. Bayan wannan manoma suka ƙara kula da gero da dawa, sa'an nan gyaɗa ta sāke tashi.

Abin da ya biyo baya

Hanyar ta ɗaukaka waɗansu garuruwa, ta kuma bar waɗansu a baya. Minna ta girma, Kaduna kuma ta karɓi mazaunin mulki daga Zungeru. Ayarin raƙuma na hamada ya ragu, gama fata ta koma bin hanyar teku. Baro kanta ta ragu bayan an gama gadar Jebba a 1916, domin jirgi yana iya wucewa Ikko kai tsaye. Daga baya dogo ya kai Kaura Namoda a 1929, da Nguru a 1930.

Saboda haka, sa'ad da mu ke ambaton gwamna da injiniya, ya kamata mu tuna da leburorin da ba a rubuta sunansu ba, da manoman da suka auna abin da zai amfani gidansu kafin su shuka.

Tambayoyi

1. Don me aka soma hanyar daga Baro?
2. Ƙaƙa aka sami ma'aikata, wace wahala kuma suka sha?
3. Ka kawo dalili uku da suka sa manoma suka zaɓi gyaɗa.
4. Wane abu ne yunwar 1914 ta koya wa mai noma domin kasuwa?