Gutsattsari a Hannun Maigini: Darasi a Kan Zanen Mozayik a Majami'a

Karatu: Yohanna 6:1-13

Gabatarwa

A gidaje da yawa na Potiskum akan ga daɓen da aka yi da fasassun tayil, an jera su a kan siminti. Asalin wannan sana'a tsoho ne ƙwarai, sunanta kuwa mozayik: haɗa ƙananan gutsattsarin dutse ko gilashi masu launi dabam dabam har su ba da hoto guda. Tun zamanin da, masu bi suna ƙawata wuraren sujada da ita. Majami'ar San Vitale a Rabenna ta ƙasar Italiya, wadda aka keɓe a shekara ta 547, har yau tana riƙe da nata zanen.

Zanen da ya tsira

A Tabga, bakin Tekun Galili, akwai majami'ar da ake tunawa da ciyar da mutum 5,000. A gaban bagadenta an shimfiɗa zanen ƙarni na biyar: kwandon gurasa tsakanin kifi biyu. Tsohon ginin ya rushe, ƙasa ta binne zanen shekaru fiye da dubu, sai a 1932 masu tonon tarihi suka fito da shi. A watan Yuni na 2015 wasu masu tsattsauran ra'ayi suka cinna wa wurin wuta, amma zanen bai lalace ba. An sake buɗe majami'ar a 2017.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga masu bi na Jihar Yobe. A daren Kirsimeti na 2012, 'yan bindiga sun kai hari wata majami'a a ƙauye kusa da Potiskum, suka kashe mutum shida. Iyalai da dama sun watse a waɗannan shekaru. Ikilisiyar da ke sake gini tana bukatar abin da zai tuna mata cewa fashewa ba ita ce ƙarshen magana ba.

Yadda ake tsara aikin

Da fari, dattawan ikilisiya su zauna da mai zane su zaɓi saƙo ɗaya daga Nassi. Gurasa da kifi, gicciye, kurciya, ko makiyayi da tumakinsa sun dace. Garin da ya yi suna da kasuwar dabbobi ba ya bukatar a fassara masa makiyayi. Na biyu, a zana hoton a takarda daidai girman bangon, a iyakance launuka kaɗan domin na kujerar baya ma ya gane shi. Na uku, kowane iyali ya kawo fasassun tayil da tangaran, a ware su bisa ga launi. Daga nan a shafa siminti kaɗan kaɗan, a dasa gutsattsarin kafin ya bushe, a cike tsakaninsu, a goge.

A kiyaye gargaɗin Fitowa 20:4-5. Ba a rusuna wa zanen, ba a yi masa addu'a. Aikinsa koyarwa ne. Allah da kansa ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin sassaƙar duwatsu na alfarwa, kamar yadda Fitowa 31 ta nuna.

Ma'anar ruhaniya

Bayan taron ya ƙoshi, Yesu ya umarci almajiransa su tattara gutsattsarin da suka rage domin kada kome ya ɓata, suka cika kwanduna 12. Haka yake yi da mutane. Gutsure ɗaya a ƙasa shara ne, yana yanka ƙafa. A hannun maigini kuwa yana da gurbin da babu mai cike shi sai shi. Manzo Bitrus ya kwatanta masu bi da rayayyun duwatsu da ake ginawa su zama gida na ruhu (1 Bitrus 2:5). Bangizime da Bakarkare, Babur da Margi da Ibo, gwauruwa da maraya, kowa da launinsa, ƙaunar Almasihu ce simintin da ke riƙe su. Idan gutsure ɗaya ya fita, ramin yana bayyana ga kowa.

Tambayoyi domin iyali

1. Me ya sa Yesu ya damu da gutsattsarin da suka rage?
2. Wane ne ya daina zuwa sujada tun lokacin tashin hankali, wa zai je ya nemo shi a wannan mako?

Addu'a: Iyali su roƙi Ubangiji ya tattara waɗanda suka watse, ya ba kowa gurbinsa a cikin gidansa.