Kuɗin Gidauniya Amana Ne: Ka'idoji Ga Ƙungiyoyi Da Masu Fasaha Na Kunduru

Wannan gargaɗi na shugabannin ƙungiyoyin matasa ne, da mata masu adashi, da kwamitocin makarantu, da mawaƙa da marubuta da maƙera da masu ɗinkin hula na Kunduru da sauran ƙauyukan Kankia da Kusada. Masu ba da tallafi suna nan. Shirin CSDP na Bankin Duniya ya yi aiki a Najeriya daga 2009 zuwa 2021, ya bi ta hannun hukumar CSDA ta Jihar Katsina. Gidauniyar TY Danjuma tana tallafa wa ƙungiyoyin lafiya da ilimi. Gidauniyar Tony Elumelu tana ba masu ƙananan sana'o'i jarin dala 5,000 tun 2015. Dukkansu tsari suke dubawa kafin su dubi yawan kuka. Ga abin da ya wajaba a kanku.

Abin da za a yi

1. Ku yi rajista tun ba a buɗe neman tallafi ba. Ku fara da sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. In kuna son manyan gidauniyoyi su saurare ku, sai kun yi rajistar amintattu a hukumar CAC bisa dokar kamfanoni ta 2020. Wannan tana buƙatar sanarwa a jarida da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Banki kuma zai nemi takardar SCUML ta hukumar EFCC. Wanda ya fara wannan zirga-zirga saura mako guda a rufe neman tallafi, ya riga ya makara.

2. Ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya. Sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kuɗi zai fita, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya.

3. Ku bar jama'a su zaɓi aikin. A kira taro gaban mai gari da liman, a ba mata nasu zaman daban, domin su ne suka san wahalar ruwa da ta awon ciki. A rubuta sunayen mahalarta da abin da aka tsayar. In gari ya ce rijiyar burtsatse yake so, shugaba ba shi da ikon mayar da ita ɗakin taro.

4. Ku tanadi naku kason. A da, a tsarin CSDP, al'umma kan kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki, ko da tsabar kuɗi, ko yashi da tsakuwa, ko ƙarfin matasa. Gayya ce da kuka gada, sai dai wannan karon a rubuta ta: wa ya zo, amalanke nawa aka kawo, nawa ne kimarsu.

5. Ku ɗauko farashi daga kasuwa. Ku tambayi 'yan kasuwa uku kuɗin siminti da kwano da rodi, kowa ya rubuta a takardarsa. Ku kuma lissafa damina: aikin ginin da ya kai watan Yuli zai tarar da leburori a gona.

6. Ku ajiye rasit na kowace naira, ku ɗauki hoton aiki kafin farawa da bayan gamawa. Duk wata uku a karanta lissafi a bainar jama'a, a manna kwafinsa a ƙofar gidan mai gari.

7. Ku ware kuɗin gyara tun ranar farko. Gidauniya tana haƙa burtsatse, ba ta dawowa sauya famfo. A sa ɗan abin da kowane gida zai riƙa bayarwa, a naɗa mai riƙe shi.

8. Masu fasaha, ku tara shaidar aikinku: sautin da aka naɗa, littafin da aka buga, hoton kayan da aka ƙera, sunayen yaran da kuka koya wa. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa nan kusa da mu, ya rayu a zamanin da mawaƙi ke dogara da iyayen gida da kyautar fage har ya rasu a 1999. Gidauniya ba ubangida ba ce. Kirari ba ya motsa ta. Tana son sanin me za a yi, da nawa, zuwa yaushe, wa zai amfana.

Abin da ba za a yi ba

1. Kada ku biya ko sisi don a ba ku fom. Duk wanda ya turo saƙon WhatsApp cewa an zaɓe ku, ku tura kuɗin tantancewa, ɓarawo ne. Kada ku ba kowa lambar sirrin katinku ko lambar da banki ya turo muku a waya, ko da ya rantse daga Abuja yake.

2. Kada a kafa ƙungiyar da ba ta da ofis sai jakar shugaba, ba ta da mambobi sai matarsa da ƙannensa. Masu bincike suna zuwa gari su tambayi mai shayi. Ranar da aka gano, sunan Kunduru ne zai ɓaci, ƙungiyar kirki ta gaba ta sha wahala.

3. Kada a karkatar da kuɗi, ko da zuwa aikin alheri ne. Kuɗin kujerun makaranta ba na rufin masallaci ba ne, ba kuma na jinyar mamba ba. In buƙata ta sauya, a rubuta wa masu kuɗin, a jira amsarsu a rubuce.

4. Kada shugaba ko ma'aji ya ba kansa kwangila, ko surukinsa. Wanda ya sayar da siminti ba zai iya duba ingancin bulo ba.

5. Kada a raba tallafi a matsayin kason kowa. Da zarar an ce "a ba kowa nasa", aikin ya mutu.

6. Kada a shafa wa aiki fentin jam'iyya. Ɗan majalisar mazaɓar Kankia, Ingawa da Kusada da kansila suna iya halartar buɗewa, amma aji da rijiya na kowa ne. Yawancin gidauniyoyi suna janye hannu in suka ga kuɗinsu ya shiga yaƙin neman zaɓe.

7. Kada a ƙara yawan masu amfana, kada a kwafe takardar wata ƙungiya a sauya suna. Marayu 40 na gaskiya sun fi 400 na ƙarya. Kada kuma a watsa hoton maraya ko bazawara a Facebook ba da izini ba.

8. Mawaƙi ko marubuci kada ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce sallama haƙƙi sai a rubuce, don haka sa hannunka na iya raba ka da waƙarka har abada. Ka kai wa wanda ya iya Turanci, wanda ba shi da kaso a ciki, ya karanta maka layi-layi.

9. Kada ku zauna jiran na waje kaɗai. Gidauniyar al'umma ta farko, wadda Frederick Goff ya kafa a birnin Cleveland na Amurka a 1914, daga dukiyar mutanen garin ta taso: ana juya uwar kuɗi, ana aiki da riba. Musulunci ya riga ya ba mu wannan a wakafi. 'Yan Kunduru da ke Katsina da Kano da Abuja da Legas suna dawowa gida da Sallah. A zauna da su a lokacin Sallah, a buɗe asusun gari, a naɗa amintattu, a rubuta doka cewa uwar kuɗi ba ta taɓuwa.