Lasisin Tuƙin Jirgin Sama: Yadda Waya Za Ta Taimaka Kada Takardu Su Mutu

Daga Danja zuwa Zariya ta hanyar Hunƙuyi ba tafiya ce mai nisa ba, kuma a can ne Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama take, wadda aka kafa tun 1964. Matashin Danja, Funtuwa ko Malumfashi da ke burin zama matuƙi yakan fara da tambayar kuɗin makaranta da yawan shekarun karatu. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne: bayan an karɓi lasisin, me ke sa ya ci gaba da aiki?

Lasisin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, ke bayarwa ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai wasu takardu da ke maƙale da shi, kowace da ranar mutuwarta. Idan ɗaya ta mutu, matuƙi ba shi da ikon yin aikin da ta ba shi dama, ko da sauran duk suna da rai. Wannan darasi zai bayyana waɗannan takardu, da yadda ake sa waya ta riƙa gadinsu.

Wa'adin da ke kan matuƙi

Hukumar ICAO, mai hedikwata a Montreal ta Kanada, ita ke shimfiɗa ƙa'idojin da ƙasashe ke gina dokokinsu a kai. Ga muhimman wa'adodi a tsarinta:

1. Shaidar lafiya aji na ɗaya, ta matuƙan haya: wata 12. Tana komawa wata 6 ga wanda ya kai shekara 40 idan shi kaɗai yake tuƙa fasinjoji, da kuma ga wanda ya kai 60 a aikin jigilar haya.
2. Shaidar lafiya aji na biyu, ta mai tuƙin kansa ba don kuɗi ba: har wata 60, sai ta koma wata 24 daga shekara 40.
3. Gwajin ƙwarewa na matuƙan kamfani: sau biyu a shekara, galibi a na'urar kwaikwayon tuƙi.
4. Sabo da aiki: tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce, a irin jirgin da za a tuƙa.
5. Shaidar iya Turancin magana da hasumiya: shawarar ICAO ita ce a sake gwada mai mataki na 4 duk shekara 3, mai mataki na 5 duk shekara 6. Mai mataki na 6 ba ya sakewa.

Ƙasa tana da ikon taƙaita waɗannan wa'adodi. Saboda haka ranar da ke rubuce a jikin takardar matuƙi ita ce abin dogaro, ba abin da aboki ya faɗa a zauren WhatsApp ba.

Me zai faru idan aka yi sake?

Masu kallon ƙwallo za su tuna Emiliano Sala, ɗan wasan Ajantina da Cardiff ta saya daga Nantes. Ranar 21 ga Janairun 2019 ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi daga Faransa da dare ya faɗa teku, shi da matuƙin duk suka rasu. Masu binciken Birtaniya sun gano cewa jirgin ya ƙwace wa matuƙin, kuma akwai alamun iskar guba ta shiga ciki. Sun kuma gano cewa matuƙin ba shi da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi, ba shi da izinin tashin dare, sannan izininsa na tuƙa irin wannan jirgi ya mutu tun Nuwamban 2018. A 2021 kotu ta ɗaure mutumin da ya shirya tafiyar wata 18. Da an tsaya an duba takardun nan, jirgin ba zai tashi da wannan matuƙi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin bai tsaya ga mutum ɗaya ba. A watan Yunin 2020 ministan sufurin sama na Pakistan ya shaida wa majalisa cewa akwai shakku kan lasisin matuƙa 262 cikin 860. Tarayyar Turai ta hana jiragen kamfanin PIA shiga ƙasashenta, ba ta ɗage haramcin ba sai a Nuwamban 2024.

Mataki na ɗaya: jadawali guda

A buɗe Google Sheets, a yi layi ɗaya ga kowace takarda. A gidan A a rubuta sunanta, a gidan B ranar mutuwarta, a gidan C kuma a sa wannan lissafi:

=B2-TODAY()

Zai nuna kwanakin da suka rage, kuma kullum da kansa yake raguwa. A ƙasan jerin a sa =MIN(B2:B8). Wannan zai fito da ranar da ta fi kusa, wadda ita ce ainihin ranar da matuƙi zai zauna a ƙasa idan bai motsa ba.

A kula da tsarin kwanan wata. A Najeriya 03/04/2027 na nufin 3 ga Afrilu, a tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris ne. Manhaja mai saitin Amurka za ta karanta shi ta hanyarta ba tare da ta yi gargaɗi ba. Rubuta shi 2027-04-03 ya kashe wannan rikici.

Mataki na biyu: tunatarwa uku

A Google Calendar a sa kowace ranar mutuwa, sannan a shigar da tunatarwa uku daban, kowace a kan ranarta: saura wata uku, saura mako shida, saura mako biyu. Ta farko don neman kuɗi da layin ganin likita, domin likitan da hukuma ta amince da shi ne kaɗai ke yin wannan gwaji, ba kowane asibiti ba. Ta biyu don yin gwajin da wuri, ko da likita zai buƙaci ƙarin awon ido, kunne ko zuciya. Ta uku ƙararrawa ce ta ƙarshe.

Kada a zaɓi maimaitawa duk shekara. Ranar takan sauya bayan sabuntawa, kuma wa'adin kansa yana raguwa da shekaru. Duk lokacin da sabuwar takarda ta fito, a goge tsohuwar rana a shigar da sabuwa.

Masu Tecno, Infinix da itel su shiga saitin batir su cire manhajar kalanda daga jerin waɗanda waya ke kashewa don tattalin caji. In ba haka ba, tunatarwar na iya zuwa a makare, ko ta ƙi zuwa.

Mataki na uku: kwana 90 ɗin nan

Wannan wa'adi ya bambanta da sauran, domin kullum motsi yake. Hanyar lissafa shi ita ce a ƙirga baya zuwa sauka ta uku, a ƙara kwana 90 a kan ranarta. Misali, wanda ya sauka a ranakun 2, 20 da 28 ga Maris, daga 2 ga Maris lissafinsa zai fara, ba daga 28 ba, don haka ƙarshen Mayu ne iyakarsa. Akwai manhajoji irin su LogTen da ForeFlight masu yin wannan da kansu, sai dai na iPhone da iPad ne. Mai Android jadawalinsa ya ishe shi.

Mataki na huɗu: kwafi a waya

A ɗauki hoton kowace takarda da Google Drive, a sa mata suna mai ɗauke da ranar mutuwarta, a kunna zaɓin buɗewa ba tare da intanet ba saboda wuraren da sabis ke ɗaukewa. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun, kuma kada a ɗora hoton lasisi a Facebook don murna, tunda lambarsa da ranar haihuwa suna jiki.

Sai dai hoto ba ya maye gurbin asali. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta wajabta a ɗauki lasisin kowane ma'aikacin jirgi a cikin jirgin a tafiyar ƙasa da ƙasa. ICAO ta amince da lasisin lantarki daga ƙarshen 2022, amma wanda hukuma ta fitar ta manhajarta ake nufi, ba hoton da mutum ya ɗauka da kansa ba.

Abin da waya ba za ta iya ba

Shaidar lafiya tana iya daina aiki kafin ranarta. Ƙa'ida ita ce duk matuƙin da ya san lafiyarsa ta ragu har ta iya shafar aikinsa ya dakata, ya nemi likitan hukuma, musamman idan ya fara shan sabon magani. A hatsarin Germanwings na 24 ga Maris 2015, wanda mutum 150 suka rasu, an tarar da takardar hutun rashin lafiya a yage a gidan mataimakin matuƙin, bai kai ta wurin aiki ba. Babu manhajar da za ta gyara ɓoye gaskiya.

Ga wanda ba matuƙi ba

Mai sha'awar amfani da jirgi marar matuƙi don ɗaukar biki ko duba gonar rake da tumatir ya sani cewa tun 2016 NCAA ta hana tashinsa sai da izininta da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Shi ma akwai takardun da zai lura da su. Haka lasisin mota mai shekara 3 ko 5, da fasfo mai shekara 5 ko 10, wanda ƙasashe da yawa ba sa karɓa idan abin da ya rage masa bai kai wata shida ba. Jadawali ɗaya ne zai ɗauke su duka. A fara da takardar da ke aljihu yanzu: a duba ranarta, a shigar da ita kafin a ajiye wayar.