Dokin Matafiyi a Hannun Ɗan'uwansa: Darasi a Kan Wadi'a

 

Darasinmu na wannan fitowa a kan Wadi'a ne, wato ajiya, kuma ga surar mas'alar. Mutum zai yi tafiya ƙasar waje, sai ya kama ragamar dokinsa ya damƙa wa ƙanensa, ya ce riƙe mini har in dawo. Shekara ta bi shekara. Ƙanen nan shi ke yankan ciyawa, shi ke jiƙa dusa da kanwa, shi ke kwana a barga ran da ciwon ciki ya kama dokin. Suka shaƙu, har in dokin ya ji takunsa tun daga zaure sai ya ɗau haniniya. Ran nan sai ga mai doki ya dawo, dokin ko kallonsa bai yi ba. To, na wane ne?

Wannan ba sabuwar mas'ala ba ce a ƙasarmu. Kafin jirgin sama ya yawaita, kakanninmu ta ƙasa suke zuwa Hajji: daga Kano zuwa Barno, su ratsa Chadi ta Abeshe, su shiga Sudan ta Darfur, har bakin Bahar Maliya. Suna tafe suna tsayawa noma da ƙwadago don neman guzuri, shi ya sa tafiyar kan ci shekaru, wasu ma can suka zauna, kamar mutanen garin Mai Wurno da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Haka fataken goro masu zuwa Gwanja. Yau kuma karatu ne a Madina ko Alƙahira, ko neman kuɗi a Libiya. Kowane ɗayansu da abin da ya bari a gida.

Amsa a taƙaice: dokin na mai shi ne. Shaƙuwa ba ta cikin hanyoyin da ake mallakar dukiya da su, kamar ciniki da gado da kyauta. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da mayar da amana ga masu ita. Kuma ka tuna lokacin Hijira a shekara ta 622, Manzon Allah (S.A.W.) ya bar Sayyidina Aliyu (R.A.) a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali masu ajiyar suna cikin mutanen garin da ya fitar da shi.

Amma kada ka ɗauka Musulunci ya raina wannan shaƙuwa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa an ga Annabi (S.A.W.) yana share fuskar dokinsa da mayafinsa. Dawakinsa har sunaye gare su, kamar Sakbu da Murtajizu. Saboda haka ƙanen nan da ya ƙaunaci dokin bai yi laifi ba, lada ma yake samu. Inda ake zamewa shi ne ƙauna ta ja shi ya riƙa yi da dokin abin da mai shi kaɗai ke da ikon yi.

Ka lura da kyau a nan, ya ɗan'uwa ɗalibi, don nan ne rigima take. A mazhabarmu ta Malikiyya mai riƙon ajiya amintacce ne. In dokin ya mutu a turke, ko ɓarayi suka kwance shi ba da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa, kuma maganarsa ake karɓa, sai dai in ana tuhumarsa a rantsar da shi. Haka Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya tabbatar a Risala. Amma da zarar ya amfana da dokin ba da izini ba, lamuni ya hau kansa. Misali ranar hawan Sallah ya ɗaura masa sirdi ya shiga sukuwa, dokin ya yi tuntuɓe ya karye: sai ya biya ƙimarsa. Fitar da shi shan ruwa ko don ya motsa jini, wannan yana cikin kula da shi, domin dokin da aka bari a turke wata da watanni lalacewa yake yi. Haka nan in ya miƙa shi ga wani abokinsa ba da uzuri ba ya halaka a can, shi zai biya.

Shehu Halilu ma ya kawo wata sura a Muhtasar mai kama da halinmu. Wanda aka ba ajiyar dabba ya bayar da ita haya har Makka, ta dawo lafiya amma kasuwarta ta wuce. Mai ita na da zaɓi: ko ya karɓi ƙimarta ta ranar da aka ba da hayar, ko ya karɓi dabbarsa tare da kuɗin hayar. In kuwa goɗiya ce ta haihu, dukushin na mai goɗiya ne.

To ƙanen fa, ya tashi a banza ke nan? A'a. Ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, don haka abin da ya kashe na dawa da harawa da magani bashi ne a kan yayansa, sai in da niyyar sadaka ya yi. Ladan tsaro ne ba shi da shi in ba su yi sharaɗinsa ba. Idan tafiya ta yi tsawo, labari ya yanke, ɗawainiya ta fi ƙarfinsa, ba shi zai kai dokin kasuwa da kansa ba. Alƙali zai kai wa magana, shi ya sayar, ya biya shi abin da ya kashe, ya adana sauran. Dalili kuwa, dukiyar wanda ya ɓace ba a raba ta gado sai ya kai shekarun da ba a zaton yana raye, mafi shahara 70, shi ko doki da wuya ya wuce shekara 30.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kunyar da ke hana 'yan'uwa kafa shaida. Wai ɗan'uwana ne, yaya zan kira mutane? Ai a kan doki ne wani balaraben ƙauye ya musanta cinikin da ya yi da Annabi (S.A.W.) kansa, har Huzaimatu ɗan Sabitu (R.A.) ya yi shaida, aka mai da shaidarsa ta mutum biyu. Zama ɗaya a zaure gaban dattijai biyu kafin a ɗau jaka ya isa: a hau ko kada a hau, wa zai ciyar, in an yi shekara kaza a yi yaya. Kuma ka sani, wanda ya karɓi ajiya gaban shaidu, sai ya mayar da ita gaban shaidu.

A ganina, yayan da ya dawo ya tarar dokinsa ya yi ƙiba kuma zuciyarsa na wajen ƙanensa, abin da ya fi masa kyau ya bar masa shi, ko da kuɗi ko kyauta. Ba wajibi ba ne, ihsani ne. Sai dai in zai ba shi, ya furta, ko ta waya ce daga can inda yake, shi kuma ƙanen ya ce na karɓa, mutane su ji. Domin malamanmu sun ce in an yi wa mai riƙon ajiya kyautarta bai karɓa ba har mai kyautar ya rasu, kyautar ta ɓaci, dokin ya koma cikin gado, 'ya'yan mamaci su zo su kwance shi daga turke. Wallahu a'alamu.