Darasin Wannan Mako: Me Ɗalibinmu Zai Ci a Masar?

Da yawa daga cikinmu muna fatan wata rana mu tafi karatu ƙasar waje. Ɗaya daga cikin wuraren da ɗaliban ƙasar Hausa suka daɗe suna zuwa shi ne jami'ar Azhar da ke Alƙahira a ƙasar Masar, wadda ta haura shekara 1000 da kafuwa. Amma kafin littafi akwai ciki, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗalibin da ya ƙi cin abincin gari zai rame, kuɗinsa su ƙare a shayi da biskit, karatu kuma ya ƙi shiga.

Abincin mutanen Masar

Abin da suka fi ci shi ne wata irin gurasa da suke kira aish baladi. Da safe suna haɗa ta da ful, wato wani wake mai faɗi da ake dafawa a hankali har ya yi luguf, a zuba masa mai da lemun tsami. Akwai kuma koshari, wanda ake haɗa shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake mai suna adas, a zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa. Baƙo zai ji abincin salam a bakinsa, saboda ba sa zuba barkono da yawa kamar mu. Idan yana son yaji sai ya ce a ba shi shatta.

Abincinmu da ya canza suna

Nan ne wurin da ya fi daɗi a darasin. Abubuwa da yawa da ke kasuwarsu mun san su tun a gida:

1. Mulukiya ita ce lalo. Su suna yanka ganyen ƙanana, su dafa da romon kaza da tafarnuwa.
2. Bamiya ita ce kuɓewa. Suna dafa ta ɗaya-ɗaya a cikin tumatir, shi ya sa ba ta yauƙi sosai.
3. Karkade shi ne zoɓo.
4. Tamar hindi ita ce tsamiya.
5. Ta'amiya 'yar uwar ƙosai ce, sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da ake niƙawa tare da waken.

Ashe wanda ya san waɗannan sunaye biyar ba zai tsaya a kasuwa yana zare ido ba.

Yadda za a yi tuwo a can

Shinkafar Masar gajera ce kuma tana da danƙo, don haka ta dace da tuwo. A wanke ta, a zuba ruwa fiye da na dafa-duka, a bar ta ta nuna har ta fashe, sannan a tuƙa da muciya a kwashe. Miya kuma a sayi bamiya, a goga ta ko a yanka ƙanana yadda muke yi, sai ta yi yauƙi.

Abin da ke da wuyar samu shi ne daddawa da kuka da manja. Saboda haka matafiyi ya yi guzurin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, ya tabbatar sun bushe sarai, ya rufe su a roba mai murfi don kada wari ya kama tufafinsa. Ya kuma tambayi dokar ƙasar da zai je, domin ƙasashe irin su Ingila ba sa barin a shiga da nama, har da kilishi.

Abin da muka koya

Guzuri yana ƙarewa, don haka dole a saba da abincin gari, a fara da kaɗan har ciki ya karɓa. Kada a raina abincin mutane a gabansu, domin mu ma ba za mu so a yatsina fuska a kan tuwonmu ba. Sannan maza, girki ba na mata kaɗai ba ne. A ɗakin kwanan ɗalibai babu Umma babu Yaya. Wannan hutun, kowa ya zauna kusa da murhu ya koyi tuwo da miya ko da kala ɗaya ce.

Tambayar mako: wane abinci ne Misirawa ke kira karkade? A kai amsa ga shugaban ƙungiyarmu kafin ranar Juma'a.

Daga wata ɗaliba, aji biyu, ƙaramar sakandare