Tauraron da ya makara

Bayan magariba, idan kun tsaya a bakin kogin Isa a Gaya, wata rana za ku ga wani haske yana ratsa sama. Ba ya ƙyaftawa, ba a jin ƙararsa. Wannan ita ce tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Tun shekarar 2000 akwai mutane cikinta. Tana bisa kanmu da kamar kilomita 400, tana gudun kusan kilomita 8 a sakan guda.

Masana suna auna ta da na'urar rada, su rubuta lambobin hanyarta. Da lambobin nan ake lissafin inda za ta kasance gobe.

Ku dubi jirgin masunci da ruwa ke ja. Mai kallo daga gaɓa zai iya cewa: "An jima zai kai gada." Amma idan masunci ya sa filafili ya juya, maganar ta tashi. Haka tashar take. Ƴar iskar da ke can sama tana rage mata tsawo, sai a kunna inji a tura ta.

Ga abin mamaki: turin nan makarar da ita yake yi! Idan an ƙara mata gudun mita 1 a sakan, sai ta ƙara hawa, zagayenta ya tsawaita. Bayan kwana ɗaya ta makara da rabin minti. Wanda ya riƙe tsofaffin lambobi zai neme ta inda ba ta iso ba.

Don haka masani yakan fara duba ranar da aka yi awon, ya tambaya ko an kunna inji bayansa. Ko sabbin lambobin farko ba ya sakin jiki da su, domin awon bai yi yawa ba tukuna. Sai na biyu sun zo ya gwada su.

Da irin lissafin nan ake kauce wa karo. A 2009 wani tauraron Amurka ya yi karo da na Rasha, suka tarwatse gutsure fiye da dubu.

Tambayoyi
1. Don me ake tura tashar?
2. Tashar ta makara da sakan 30. Kilomita nawa ke nan? Ya fi nisan Gaya zuwa Doso?
3. Me masani ke fara dubawa?